Masu babur sun mai da layinmu hanyar yanke, tudun rage gudu za mu yi ko me?

Maman Ummi, Garin Malam:

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin hanya da tuƙi. Layinmu na pave ne, wato wanda aka shimfiɗe da ƙananan bulon siminti, faɗinsa zai kai mita 7, tsawonsa kamar mita 300, kuma ya haɗa kwalta biyu. Tun da aka shimfiɗa paven, 'yan kabu-kabu da masu adaidaita suka gane ta nan ya fi kusa. Duk wanda ba ya son cunkoson babban titi nan yake biyowa, kuma a guje. A bakin layin akwai lakwal ta firamare, a tsakiya akwai famfo inda 'yan ga-ruwa ke bin layi da kurarsu, ga makarantar allo, ga mai shayi a kwana da bencinsa har kan hanya.

Samarin fada, wato majalisar hirar samarin unguwa, sun tara ƙasa da duwatsu sun yi tudu biyu. Gudun bai ragu ba, sai ma masu babur suka koma kauce wa tudun suna bi ta jikin katanga, daidai ƙofofin da yara ke fitowa. Da dare kuma an sha faɗuwa a kansa don ba a ganinsa. Yanzu mazan unguwa na cewa a yi karo-karo a zuba na siminti mai tsini, wanda dole kowa ya tsaya. Mu mata hankalinmu bai kwanta da wannan ba. Yaya ake yin tudu na ƙa'ida? Wa ke ba da izini? Kuma shi kaɗai ya isa? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan hanya:

Wa alaikumus salam Hajiya. Rashin kwanciyar hankalinku yana da dalili, ku roƙi mazan su dakata da sayen siminti tukuna.

Mu fara da gudun da ake son ragewa. Mai tafiya kilomita 30 a awa yana cin mita 8 da ɗoriya a kowace daƙiƙa, mai 50 kuwa kusan mita 14. Daga lokacin da ido ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, kamar daƙiƙa guda ce ke wucewa, in hankalin direba na kan hanya ke nan. Bayan nan, a busasshiyar hanya marar rairayi, mai 30 zai ƙara jan mita 5 kafin ya tsaya, jimla 13. Mai 50 zai ƙara mita 14, jimla 28. To ku ɗauka yaro ya fito da gudu daga zaure, tsakaninsa da abin hawa mita 14. Mai 30 ya tsaya a gabansa. Mai 50 ko birkin bai kai ga takawa ba, da cikakken gudunsa zai same shi. Ƙarfin bugun ma ba ɗaya ba ne: na 30 daidai yake da faɗowa daga mita 3 da rabi, na 50 daga kusan mita 10. Shi ya sa taron ministocin duniya kan tsaron hanya da aka yi a Sitokhom ta ƙasar Suwidin a 2020 ya yi kira da a tsaya kan 30 a duk inda masu ƙafa da ababen hawa ke cakuɗuwa. Abin da kuke nema shi ne kowa ya bi layin da 25 zuwa 30 daga farko har ƙarshe, ba wai ya tsaya cak ba.

Tudu mai tsini ba ya ba da haka. Mai babur zai taka birki, ya haura, ya sake murza hannu, kafin ya yi nisa ya koma gudunsa na da. Adaidaita, da ƙananan tayoyinta, in ta hau shi a karkace da lodi tana iya kifewa. Ƙaramar mota tana buga cikinta. Mace mai naƙuda da wanda ya karye ake kai shi asibiti su ke shan azabarsa. Babban aibinsa kuwa kun gan shi da idonku, ya koro babur daga tsakiyar hanya ya kai shi ƙofar gida. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Tudun kirki dogo ne kuma gajere a tsaye. Awon da ke cikin ƙa'idar Faransa, wadda injiniyoyinmu da yawa ke aiki da ita, shi ne tsawo mita 4 a bin hanya, tashi sama santimita 10 a tsakiya, kada ya wuce. Tsawon ne sirrinsa: tayoyin gaba da na baya duk suna kansa lokaci guda, mai 25 zai wuce salin-alin, mai 50 kuwa sai ya ji motar ta yi sama da shi. Don magini ya fitar da lanƙwasar daidai, a yanka katako mai mita 4 a matsayin ma'auni. A tsakiya santimita 10, rabin mita daga tsakiya 9 da rabi, mita ɗaya 7 da rabi, mita ɗaya da rabi 4 da rabi, a baki sifiri. In aka bar wa ido, kullum sai ya fito da tsini.

Tun da layinku na pave ne, ba sai kun zuba kankare ba. A cire paven wurin, mita 4 a faɗin hanya duka, a jera shi gefe. A kwashe yashin da ke ƙarƙashi, a zuba jar ƙasa irin ta aikin hanya, kamar baro 40, amma ba lokaci guda ba. A zuba kashi na farko, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sannan a ƙara na biyu a sake daɓewa har ya bi ma'aunin katakon. A shimfiɗa yashi santimita 3 zuwa 5 a kai, a mayar da paven, a share busasshen yashi mai laushi cikin tsakaninsu har ya cika. A bakin hawa da bakin sauka a haƙa rami faɗin santimita 15, zurfin 25, a zuba kankare don ya riƙe paven kada ya zame. Buhun siminti 4 zai ishi tudu guda. In da kankare zalla za a yi a faɗin mita 7, da gindin da ake binnewa santimita 12 don kada bakinsa ya farfashe, sai an ci buhu 35 zuwa 40, kuma a yi ta ba shi ruwa kwana 7 hanya a rufe. Da yadda ruwa yake a garin nan, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da ke lalata irin wannan aiki abu biyu ne, rashin daɓe mai kyau, da buɗe hanya kafin kankaren baki ya yi ƙarfi.

Akwai abin da ake yawan mantawa sai watan Agusta ya tuna wa mutane. Yawancin layukan pave su ne magudanar ruwan unguwa. In kuka tare hanya daga katanga zuwa katanga, ruwa zai taru ya shiga zaure ya jiƙa gindin katangar ƙasa. Ku tambayi tsofaffin layin ta inda ruwa ke bi. In gefe yake bi, a bar masa santimita 25 a kowane gefe, a kafa ƙarfe ko gungumen kankare dab da wurin don kada babur ya mai da shi hanyarsa. In kuwa tsakiyar layin ce aka yi da kwari don ruwa, to kada ku taɓa sai ma'aikacin hukuma ya zo ya gani.

A mita 300 tudu uku ko huɗu ake bukata, tsakaninsu mita 70 zuwa 80. In suka yi nisa da juna gudu na dawowa a tsakani. Na farko ya kasance mita 20 zuwa 30 daga bakin kwalta, don wanda ya karyo kwana ya samu ganinsa. Ba a sa shi a kan kwana, ko a ƙofar garejin wani, ko a gangare mai sauka fiye da santimita 4 a kowace mita. Na ƙofar lakwal a yi shi mai shimfiɗaɗɗen kai: tashi santimita 10, hawa da sauka mita ɗaya zuwa ɗaya da santimita 40 kowanne, saman mita 2 da rabi zuwa 4, a ja masa farin zanen tsallakawa. Kowane tudu a yi masa farin fenti a fuskar hawa, a kafa allo mita 30 zuwa 50 kafin a iso, kuma a nemi ya faɗa ƙarƙashin fitila.

Izini kuwa, ku fara da mai unguwa. Shi zai sa hannu a takardarku, a kai ta ofishin da'irarku, cikin da'ira biyar ɗin da birnin ke da su, daga nan ta je sashen kula da hanyoyi na ma'aikatar magajin gari. Wannan na layukan unguwa ne. Hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta fito daga Yamai ta wuce Gure da Difa, da mai lamba 11 ta Tanut da Magarya, na ma'aikatar ayyuka ne, ba a taɓa su. Wanda ya gina ba izini, in wani ya ji rauni a kai shi za a tambaya, kuma ana iya rushe aikin kuɗinku ya tafi a banza. Kafin a haƙa, a tambayi inda bututun famfon nan ya bi.

Baba mai koyar da tuƙi:

Injiniya Allah ya ƙara basira, awonka daidai ne. Sai dai ni a ganina tudu ba shi ne farko ba. 'Yata Maman Ummi, kafin a taɓa pave ko ɗaya, ku buɗe wa direba ido.

Ki sa babba ya durƙusa a bayan adaidaitar da aka ajiye a kwana, har kansa ya dawo tsayin yaron aji ɗaya, wato mita ɗaya da 'yan kai. Zai ga ba ya hango komai, kuma ba mai hango shi. Mita 13 ɗin da Injiniya ya lissafa sai in direba ya ga yaron tun daga nesa. Don haka mita 5 daga kowace kwana, da mita 5 kowane gefe na ƙofar lakwal, a bar su wayam: ba benci, ba teburin mai sayar da mai a kwalba, ba ajiye babur. Mai shayi ba korarsa za a yi ba, abincinsa ne, a roƙe shi ya ja baya taku bakwai ko takwas. 'Yan ga-ruwa su jera kurarsu a jikin katanga ɗaya bayan ɗaya, ba a gicciye ba. Mai gini da ya sauke yashi da bulo a kan hanya a ba shi wa'adi. Rumfar biki ko ta suna in za a kafa, a tare layin tun daga bakinsa da abin da ake gani, kada a ja igiya siririya, tana yanke wuyan mai babur.

Na biyu rairayi. Wanda iska da ruwan damina ke zubawa a kan pave yana iya ninka nisan birki, mai 30 da zai ja mita 5 ya ja 10. A kwana kuwa shi ke kayar da babur ko da ba a taka birki ba. Shebur biyu, tsintsiya da baro, samarin fada su share kwanoni biyun da gaban lakwal bayan kowane babban ruwa. A kwashe shi a kai nesa, in aka tara a gefe ruwa na gaba zai dawo da shi.

Ga masu mota da ke karantawa, a layin unguwa giya ta biyu ta isa, ƙafa kuma tana shawagi a kan birki. In ƙwallo ta fito, yaro na biye. In akuya ɗaya ta tsallaka, akwai ta biyu. In yaro ɗaya ya tsallaka da gudu, ƙanensa na bayansa, kuma shi ne aka fi bugewa don idon direba ya bi na farkon. Oda ba birki ba ce, ƙaramin yaro in ya firgita ko ya daskare ko ya juya baya da gudu. Kafin ka fito da mota daga gida da baya, ka zagaya ta da ƙafarka, yara na zama a inuwar bayan mota, wani har ƙarƙashinta. Waya kuwa, kallon daƙiƙa biyu a gudun 30 tafiyar mita 17 ce ido rufe.

Akwai lokutan da suka fi haɗari. Da hantsin farko wanda ya nufi gabas, wajen Mirriya, rana na cikin idonsa, da la'asar sakaliya kuma wanda ya nufi yamma, wajen Takeita. In gilashi na da ƙura ba ya ganin kowa, a goge shi ciki da waje. Da hazon hunturu a kunna ƙaramar fitila ko da rana ce. Ranar Alhamis da kasuwar Dole ke ci, amalanken shanu da na jakai suna komawa ƙauye bayan magariba ba fitila. Sai dab da shan ruwa a watan azumi, kowa na sauri kowa a gajiye.

Inda layinku ya faɗa kwalta shi ne ya fi ba ni tsoro. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 a hanyar Tanut, tankokin mai sun ƙaru a kan manyan motocin Agadas da na Najeriya. Tirela in za ta karya dama sai ta fara buɗewa hagu. Mai keke ko babur ya ga fili ya kutsa ta damanta, alhali tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko ciki ne, su matse shi da bakin hanya. Direban kuma ba ya ganin abin da ke dab da ƙofarsa ta dama, haka ma wanda ya tsaya dab da hancin motar. In ba ka ga fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Ka tsaya baya ta gama kwanarta.

Maman Ummi, Garin Malam:

Baba na gode, Injiniya na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida, ya ce zai kai maganar wurin mai unguwa bayan sallar Juma'a. Amma takarda na iya daɗewa. Me za mu yi da tudun ƙasar nan kafin lokacin? Kuma yaya za mu hana babur bin jikin katanga?

Injiniyan hanya:

Hajiya, duwatsun dai a cire su yau, su ke kayar da mutane. Ƙasar a baje ta ta yi faɗi kamar yadda na faɗa, a daɓe, a zuba mata farar ƙasa ko toka don a riƙa ganinta, kafin a samu na dindindin. Maganar Baba gaskiya ce, buɗe kwana ba ya cin ko dala, shi za ku fara.

Don jikin katanga, da sanin mai unguwa, ku ware wa masu ƙafa mita ɗaya da rabi a gefen da lakwal take. Tsofaffin tayoyin mota daga wurin mai faci, a cika su da ƙasa, a shafa farin fenti, a jera kowane mita 2. In ba a cika su ba ruwa zai kwanta ciki ya tara sauro. A kowane mita 20 ko 30 a gicciya ɗaya a cikin hanyar ƙafar, a bar santimita 90 da keken guragu zai wuce, ta haka babur ba zai samu miƙaƙƙiyar hanya a ciki ba. Ababen hawa sun samu mita 5 da rabi, ya ishe su su gifta juna a hankali. Ko ta yaya kada wani wuri ya gaza mita 3 da rabi, saboda motar 'yan kwana-kwana.

Takardar kuma ku ba ta nauyi da lissafi. Ku auna mita 50 a layin, yaro ɗaya ya ɗaga hannu in babur ya shiga, wani a ƙarshe ya duba agogon waya. Wanda ya cinye ta cikin daƙiƙa 6 yana 30, daƙiƙa 4 da rabi 40, ƙasa da 4 ya doshi 50. Ku yi haka lokacin shiga lakwal da lokacin tashi, kwana uku, ku rubuta yawan ababen hawa da yawan yaran da suka tsallaka. Takarda mai irin wannan da sa hannun daraktan lakwal da kwamitin iyaye ta fi "muna roƙo a taimaka" saurin samun amsa.

Makaniken babur, Sabon Gari:

Yaya Maman Ummi sannu da ƙoƙari. Ni zan yi magana da 'yan uwana masu babur da keke, don abin hawa in ba lafiya ko tudu goma aka yi banza ne.

Da yawa suna kwance birkin gaba wai yana kayarwa. Kuskure ne babba, a kan kwalta shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe shi lokaci guda, ko matsa shi a kan rairayi ko a cikin kwana. A rage gudu tun babur na miƙe, a matsa gaba da baya tare, a hankali sannan a ƙara. Hannun birkin gaba ya yi wasan santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama, na ƙafa 2 zuwa 3. In an ɗaure goron har ƙarshe bai kama ba, takalmin birki ya cinye, a canza. Sarƙa ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. In ta saki da yawa tana faɗowa ta cije tayar baya, kuma a kan tudu ta fi yin haka. Tayar da zanenta ya shafe ba ta riƙe ƙasa, faci ba ya dawo mata da shi.

Murfin sarƙa kada a cire shi. Iyayenmu mata, kafin babur ya tashi ku tattara hijabi da bakin zane ku danne a cinya. Gefen da ke lilo in ya shiga tsakanin wayoyin taya, nan take yake naɗewa ya fizgo mace ta baya, ta faɗi da ƙeya, wani lokaci da goyo. Ɗan kabu-kabu ya waiga ya duba kafin ya sa giya. Ƙaramin yaro kuma ƙafarsa kan shiga tayar baya ta cinye diddige, a keke ma haka, don haka a sa masa takalmi da matakin ƙafa.

Hular kwano in ba a ɗaura igiyarta ba tana tashi kafin kai ya kai ƙasa. A ɗaura ta yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko ba ta tsage ba, abin da ke cikinta ya riga ya matse. Hular masu gini ba ta wannan aiki ba ce.

Fitilar baya ita aka fi sakaci da ita, alhali ƙwanta ba tsada. Fitilar LED mai ƙarfi da ake ƙarawa a gaba kuma, in an ɗaga ta sama tana makantar da mai zuwa, a sunkuyar da ita ta haska ƙasa. Keken 'yan makaranta a duba robar birki, a tabbata tana kama ƙarfen taya ba robar taya ba, a sa ƙararrawa, a manna jan sitika mai ƙyalli a baya, fari a gaba. Irin wannan a manna wa kura da amalanke ma. Mai keke ya bi dama tare da motoci, kada ya tare su gaba da gaba, kuma ya bar tazarar mita guda daga motar da ke tsaye saboda buɗe ƙofa.

Shawara ta ƙarshe, ku je tashar 'yan kabu-kabun da ke bakin kwaltar ku yi magana da shugabansu. Mutanen da ke bin layin kullum ba su da yawa, sun san juna, kuma suna jin maganar nasu fiye da ihun mutanen unguwa.

Ma'aikaciyar jinya, Birni:

'Yar uwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, don haka abin da kika taso da shi ba ƙarami ba ne.

Yaron da bai kai shekara 9 ko 10 ba bai iya auna saurin abin da ke zuwa ba. Yana ganin babur, amma bai san yaushe zai iso ba, kuma yana zaton tun da ya ga direba, direba ma ya gan shi. Kada a ba 'yar shekara 7 amanar tsallakar da ƙanenta a kwalta. Babba ya riƙe yaro a tsintsiyar hannu, tafi yana zamewa, kuma yaron ya kasance ta ɓangaren katanga. A koya musu a kan hanyar kanta: tsaya a baki, dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu, sannan a tafi a miƙe ba gudu. Tsallake mita 7 yana ɗaukar yaro kamar daƙiƙa 7, mota mai 50 kuwa ta ci kusan mita 100 a wannan lokaci. Ki auna mita 100 ki nuna musu alama, ki ce in mota ta wuce wancan shagon a jira. Inda ba hanyar ƙafa a bi gefen hagu ana fuskantar motoci. Wanda ya sauka daga adaidaita ya sauka ta dama, ya jira ta tafi kafin ya tsallaka.

A ƙofar lakwal a kafa shingen ƙarfe ko na itace mai mita 3, taku biyu daga ƙofar, don in an tashi kada su kwararo kai tsaye kan hanya. Iyaye su raba kwanaki, mutum biyu da jar tuta, minti 20 da safe, minti 20 lokacin tashi. A sa malamin allo cikin shirin, almajiransa su ke yawo bayan magariba, kuma mai duhun kaya fitilar mota ba ta nuna shi sai ya rage kamar mita 30.

In kuma ƙaddara ta faɗa, mutum ɗaya ya tare hanya daga nesa, wani ya kashe babur ɗin, wani ya kira 18, 'yan kwana-kwana, ya faɗi unguwa da sanannen wuri kusa. Kada a ɗaga wanda aka buge a tsaye, kada a girgiza shi, kada a ba shi ruwa ko a kwara masa. Mutum guda ya riƙe kansa da hannu biyu yadda wuya ba zai motsa ba. Hular kwano a bar ta sai in ba ya numfashi. Inda jini ke zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, in ya jiƙe a ɗora wani a kai ba tare da cire na farko ba, ban da zuba ƙasa, toka ko man birki. In ya suma amma yana numfashi, ko yana amai, a juya shi kan gefensa, kai da wuya da jiki tare. In dole a ɗauke shi, mutum uku ko huɗu su sa shi kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi kwance, kada a zaunar da shi a babur tsakanin mutum biyu. Karayar da ƙashi ya huda fata ta babban asibiti ce, ba ta mai ɗori ba. Yaron da kansa ya bugu, ko ya tashi yana wasa, a sa masa ido kwana biyu. In ya fara amai, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti nan take ko tsakar dare ne.